Yadda za ka gina shafin yanar gizonka na farko, hotuna ba su ɓace ba

Matasan da ke zuwa koyon aiki a wurina a Agege, kusan dukkansu da WordPress, manhajar da ke haɗa shafi ba sai ka rubuta shi da hannu ba, suke son farawa. Ni ba na yarda. Sai ka rubuta shafi ɗaya da hannunka tukuna, domin wanda bai san abin da ke ƙarƙashin shafi ba, ranar da abu ya lalace sai dai ya zura ido.

Shafin yanar gizo fayil ne na rubutu zalla. Yana ajiye a wata kwamfuta da ba a kashewa, ita ake kira sabar. Idan ka buga adireshi, burauzarka, Chrome ce ko Firefox, sai ta aika a miƙo mata fayil ɗin, ta karanta, ta zana maka shi a fuskar waya. Harshen da ake rubuta shi da shi sunansa HTML, wanda Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Turai, duniya kuma ta fara ganin shafin farko a 1991. Aikin HTML shi ne ya faɗa wa burauza wannan take ne, wannan sakin layi, wancan hoto. Launi da kwalliya na CSS ne, ka bar shi sai gaba.

Buɗe folda ka sa mata suna shago. Sauke VS Code, manhajar da za ka rubuta HTML a ciki, kyauta ce. Kada wani ya ruɗe ka da sabuwar kwamfuta mai tsada, tsohuwar laftof daga Computer Village a Ikeja ta ishe ka wannan aiki. A cikin foldar ka ƙirƙiri fayil mai suna index.html, shi sabar ke fara nema. Mai amfani da Notepad ya kula, yakan maƙala .txt a ƙarshen suna, Windows kuma ta ɓoye shi.

Layin farko <!DOCTYPE html>, sai <html lang="ha">, sai <head> da <body>. Abin da mai ziyara zai gani yana cikin body: <h1> na babban take, <p> na sakin layi. Galibin alamomin nan ana buɗe su ana rufewa, kamar <p> da </p>. A cikin head wajibi ne ka sa <meta charset="utf-8">, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ namu na iya rikiɗewa su koma shirme. Ka ƙara layin viewport a cikin head, wato <meta name="viewport" content="width=device-width, initial-scale=1">, don shafin ya daidaita a waya.

Yanzu hoto, inda na ga mutane sun fi faɗuwa, ni ma a nan na faɗi. Aikina na farko na wani Alhaji ne mai sayar da shadda a Idi-Araba. A kwamfutata komai ya fito tas. Na ɗora a intanet, na hau danfo na sha cunkoso na je nuna masa. Ya buɗe a wayarsa, babu hoto ko ɗaya, sai akwatuna wayam. Ya dube ni ya ce, "Malam, ina kayan?" Abin ya dame ni ƙwarai, don ya yarda da ni ya ba ni kafin alƙalami.

Laifin nawa ne. A wurin src, inda ake nuna wa burauza hanyar hoto, na rubuta adireshin da ya fara da C:\Users, wato ina aiken burauza cikin kwamfutata. Wayar Alhaji ba ta san wannan ɗaki ba. Abin da ya dace: ka buɗe ƙaramar folda mai suna hotuna a cikin shago, duk hoto ya shiga nan, sannan ka rubuta <img src="hotuna/shadda.jpg" alt="Farar shadda">. Ka ga kwatancen daga inda index.html yake ya tashi, saboda haka duk inda ka kai foldar, hanyar tana nan. Idan shafin da kake rubutawa yana cikin wata folda ta ciki, ../ shi ne komawa baya taki ɗaya.

Akwai tarko na biyu. Windows ba ruwanta da bambancin Shadda.JPG da shadda.jpg, amma yawancin sabar wani tsari mai suna Linux suke amfani da shi, shi kuwa sunaye biyu ne daban a wurinsa. Dokata ita ce ƙananan baƙaƙe kawai, babu tazara, babu baƙi mai lanƙwasa a sunan fayil. Hoton da mai kaya ya turo ta WhatsApp yakan zo da dogon suna, ka sake masa suna tun kafin ka taɓa komai. Ka kuma rage masa nauyi, hoton waya yakan kai megabayit 3 ko 4, mai ziyara kuma datarsa ta kuɗi ce. Shi alt ba ado ba ne, shi manhajar makafi ke karantawa, shi ke fitowa idan hoto ya ƙi buɗewa.

Mahaɗi zuwa wani shafi <a href="farashi.html"> ne, ƙa'idar hanya ɗaya ce da ta hoto. Ɗorawa kuwa, GitHub Pages, wurin da ke ajiye maka shafi a sabarsu, kyauta ne, ka tura foldar gaba ɗayanta. Adireshi mai ƙarewa da .com.ng sai ka samu mai biya, ana saya a hannun dillalan da NiRA, ƙungiyar da ke kula da adireshin .ng na Najeriya, ta amince da su. Kafin ka kira mai aiki, ari wayar maƙwabcinka ka buɗe shafin da datarsa, ka danna kowane mahaɗi.