Yadda za ka kare gwaninka a majalisa idan ya dawo aka fitar da su

Da farko dai, kada ka fita majalisa da safe. Wasan NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da aka fara ƙarfe takwas da rabi na dare a gabashin Amurka, a nan Kano ɗaya da rabi ne na dare, kafin a tashi an kusa kiran assalatu. Ba ka runtsa ba, ranka a ɓace, su kuwa 'yan adawa tun bakwai sun kama benci wurin mai shayi suna jiran ka ɓullo. A wannan halin ko kana da gaskiya ba za ka iya faɗarta ba. Yi sallarka, kashe data, kwanta sai la'asar.

In ka tashi, nemi wasan gaba ɗaya ka sake kallo. Guntun bidiyon da ke yawo a WhatsApp na daƙiƙa goma ne, kuma wanda ya yanko shi ba masoyinka ba ne. Duba minti nawa gwanin ya buga, a wane zango ƙafarsa ta fara nauyi, wa ya karɓi ƙwallo lokacin da mutum biyu suka rufe shi. Wanda ya daɗe ba ya wasa, hannu ba ya mantuwa, numfashi ne ke yanke masa a zango na huɗu.

Sannan ka riƙe labarin Michael Jordan da kyau, don duk musun da za a yi nan zai biyo. Ya ajiye ƙwallon kwando a 1993, ya dawo Chicago Bulls a watan Maris na 1995 da riga mai lamba 45. Kwanaki kaɗan da dawowarsa ya zuba wa New York Knicks maki 55 a gidansu, magoya baya suka ɗauka kofi ya zo hannu. Sai aka haɗa su da Orlando Magic a zagaye na biyu na fitar da gwani, inda wanda ya fara cin wasa huɗu ke wucewa, ga Shaquille O'Neal, ga Penny Hardaway, ga Horace Grant da ya baro Bulls ɗin. A wasan farko, ana dab da tashi, Nick Anderson ya zare ƙwallo daga hannun Jordan, Bulls suka sha kashi, Anderson ya fito yana cewa mai lamba 45 ba shi da zafin mai lamba 23. Wasa na biyu Jordan ya koma tsohuwar lambarsa. Duk da haka Orlando ta fitar da su da ci 4 da 2, aka yi ta cewa ya ƙare. Kakar da ta biyo Bulls suka ɗauko Dennis Rodman, suka ci wasa 72 cikin 82, suka share Orlando 4 da nema, suka ɗauki kofin 1996.

Ni a ganina Rodman ne darasin wurin. Tun tafiyar Grant babu mai tsinto musu ƙwallo a ƙarƙashin raga, kuma Jordan ko maki nawa zai ci ba zai toshe wannan ramin ba. To kai ma nemo irin ramin a ƙungiyar gwaninka, ka ambaci sunan wurin, kada ka tsaya kan "ai abokan wasansa ne ba su taimaka ba", kowa na faɗin haka.

Idan daga jinya ya dawo, maganar ta sauya. A zagayen ƙarshe na 2019, karawarsu da Toronto Raptors, Kevin Durant ya shigo wa Golden State a wasa na biyar bayan ya yi kusan wata guda yana jinyar ƙafa, ba a kai hutun rabin lokaci ba agararsa ta tsinke. Wasu 'yan kallo a Toronto suka fara shewa, sai da 'yan wasan Raptors da kansu suka ɗaga musu hannu su yi shiru. Duk wanda ya yi wa rauni dariya a majalisa, wannan kaɗai za ka tuna masa, ka ce, "Haba yallaɓai, su da suke neman kofin ma ba su yarda da haka ba." Toronto ce ta ɗauka a wasa na shida, kuma shugabanta a lokacin Masai Ujiri ne, wanda ya tashi a Zariya, don haka in mutumin ɗan Zazzau ne ka bar masa wannan, ba za ka ci riba ba.

Abin da aka ga ya ɓata, amsa shi da wuri. Ya zubar da ƙwallo a minti na ƙarshe? Ka ce ƙwarai, ya zubar. Mai zolaya in bai samu gardama ba shayinsa zai koma sha.

Amma kafin ka jawo 1996, duba shekarun mutuminka. Jordan yana da 32 a dawowar farko. Akwai dattijo a kowace majalisa da zai bari ka gama kumfar baki, sannan ya tambaye ka dawowa ta biyu: 2001, Washington Wizards, yana da shekara 38, kaka biyu ko zagayen fitar da gwani ba su shiga ba. In gwaninka ya haura 35, kada ka yi wa kowa alkawarin kofin baɗi, ka tsaya kan maki da mintin da ya buga.