Yadda Ake Tsara Sanyi da Lantarki a Cibiyar Adana Bayanai

Kafin a sayi sabar (babbar kwamfuta mai adana bayanai) ko ɗaya, a lissafa wutar da kowace kantar da ake jera sabar a cikinta za ta ci, domin kusan duk wutar da na'ura ta sha zafi take komawa. A jera kantocin fuska da fuska, iska mai sanyi ta shiga ta gaba, mai zafi ta fita ta baya, sannan a toshe guraben kantocin da babu na'ura, aikin da ake yawan rainawa. Ƙungiyar injiniyoyin ɗumama da sanyaya gine-gine ta Amurka, ASHRAE, ta ba da shawarar iskar da ke shiga ta tsaya tsakanin digiri 18 da 27 na Salshiyos. A tanadi batiran UPS, masu riƙe wuta idan an ɗauke lantarki, da janareta, kuma layukan intanet biyu su shigo ginin ta hanyoyi daban-daban. A ƙasar Hausa, a yawaita sauya matatar iska da hunturu saboda ƙura.