Darasi na Bakwai: Zaɓen Faifan Zarto don Tsaga Katako da Yanka Allon Melamin

Duk wanda ya zaga shagunan kafintoci a Sabon Gari ko Tudun Wada zai lura cewa aikin ya sauya. A da, yawancin abin da ake sarrafawa falankin katako ne, irin su maɗaci da afara da melina, amma yanzu aiki mai yawa ya koma kan allon melamin, wanda ake haɗa wadirof da kabad ɗin kicin da teburin ofis da shi. Kafintoci da yawa suna amfani da faifan zarto guda ɗaya ga duka ayyukan biyu, kuma daga nan ne asara take shigowa, domin abin da falanki yake bukata daban ne da abin da melamin yake bukata.

Kafin komai, ya kamata ku iya karanta rubutun da ke jikin faifan. Za ku ga lambobi kamar haka: 250 x 30 x 80T. Lamba ta farko faɗin faifan ce, wato milimita 250, kusan inci 10. Ta biyu faɗin ramin tsakiya ce, wanda dole ya yi daidai da sandar injinku, domin akwai mai 30, akwai mai 25.4, akwai mai 20. Ta ƙarshe, mai harafin T, yawan haƙora ce. Wasu kamfanonin Turai suna sa harafin Z a maimakonsa. Akwai kuma kibiya da ke nuna inda faifan zai juya, da lambar da ke nuna iyakar gudun da zai iya ɗauka a minti ɗaya, wadda bai kamata gudun injin ya wuce ta ba.

Tsaga katako shi ne yanka falanki ta tsawonsa, ana bin jijiyarsa. A wannan yanka zarto yana fitar da ɓarɓashi masu tsawo da kauri, saboda haka ana son faifai mai haƙora kaɗan, mai manyan ramuka tsakanin haƙori da haƙori, inda ɓarɓashin zai taru a yi waje da shi. A faifai mai inci 10, haƙora 24 sun isa. Kan kowane haƙori a miƙe yake kamar bakin kurfi, kuma haƙorin ya karkata gaba da kusan digiri 20, abin da ke sa ya riƙa cin katakon da kansa ba sai an matsa da ƙarfi ba. Idan kuka ɗauki faifai mai haƙora 80 kuka tsaga maɗaci mai kaurin inci 2, ƙananan ramukansa za su toshe, faifan ya yi zafi, gefen katakon ya ƙone ya yi baƙi, injin kuma ya riƙa nishi. A nan ne hatsari yake, domin faifan da ya cije yana iya wurgo falankin baya da ƙarfi zuwa cikin mai aiki. Don haka ne ake son ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke tsaye a bayan faifan ya kasance a wurinsa kullum, shi ne yake hana tsagar ta rufe ta matse faifan. Abin takaici ne yadda ake cire shi a ajiye a shaguna da yawa.

Ga wanda injinsa ƙarami ne, ko kuma yake aiki da janareta, faifai mai siririn baki ya fi sauƙi. Na yau da kullum yana cin kusan milimita 3.2 a kowane yanka, siririn kuwa kusan 2.4, don haka injin ba ya wahala sosai.

Melamin kuwa sai an yi masa a hankali. Allon yakan zo da faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8, kaurinsa galibi milimita 18. Cikinsa garin katako ne da aka cakuɗa da gam aka matse, sama da ƙasa kuma an lulluɓe shi da wata fata siririya mai tauri, wadda ba ta lanƙwasawa, sai dai ta fashe. Idan babban haƙori ya doke ta, sai bakin yankan ya ɓantare gaba ɗaya, kuma da wuya a gyara shi yadda aibin zai ɓoyu daga idon mai kaya. Abin da ake bukata shi ne haƙora masu yawa, kowanne ya ɗauki ɗan kaɗan: 80 a faifai mai inci 10, ko 60 a ƙaramin zarton hannu mai faifan milimita 185. Haƙoran kada su karkata gaba sosai; a tsaye ake son su, ko ma su ɗan koma baya, domin su kankare fatar maimakon su fizge ta.

Siffar haƙori iri biyu ce ta dace da wannan aiki. Akwai wadda ake rubuta wa Hi-ATB, inda haƙori ɗaya ya yi tsini ta dama, na bayansa ta hagu, da karkata mai yawa. Ita ce ta fi ba da yanka mai tsabta, amma tana saurin dakushewa. Akwai kuma TCG, inda haƙori mai yankakkun kusurwoyi yake gaba, mai miƙaƙƙen kai yana biye. Wannan ta fi jure gam ɗin da ke cikin allon. A ganina, mai shagon da yake yanka melamin kullum ya sayi TCG, wanda kuma yake yi jefi-jefi ya sayi Hi-ATB. Ko wanne kuka zaɓa, ya kasance bakin haƙoran na kabayid ne, wato wani haɗi mai tsananin tauri da ake mannawa a bakin haƙori, domin ƙarfe zalla ba ya daɗewa a kan wannan allo.

Faifai mai kyau ma yana bukatar dabara. A injin tebur haƙora suna shiga allon daga sama su fita ta ƙasa, kuma inda haƙori ya fita nan ne yake ɓantarewa, saboda haka fuskar da za a gani ta kalli sama. A zarton hannu akasin haka ne, sai a kifa fuskar ƙasa. Idan ana son fuskokin biyu su fita lafiya, kamar a ƙofar kabad, sai a sauke faifan ya leƙo da milimita 1 ko 2 kacal, a tura allon ya zana layi a ƙasansa, sannan a ɗaga faifan a sake turawa ba tare da an taɓa majingina ba, wato shingen da allon yake jingina da shi idan ana tura shi. Manyan injunan yanka allo suna da ƙaramin faifai a gaba wanda wannan ne kaɗai aikinsa. Manna tef ɗin takarda a kan layin yana taimakawa, amma bai kai zana layin ba. A tura allon sannu, kuma a ɗaura takunkumi, domin ƙurarsa laushi gare ta, tana ɗauke da gam, kuma tana cutar da huhu.

Faifan melamin a keɓe shi ga melamin kaɗai. Wani lokaci za ku ɗauka ya dakushe, alhali ƙaro ne ya daskare a haƙoransa. Ku jiƙa shi a ruwan sabulu, ku goge da tsohon buroshin haƙori, ku shanya ya bushe sarai kafin ku mayar. Idan ya dakushe da gaske, a kai wa mai injin wasa kabayid, kada a sa masa magagari. Kada kuma a taɓa faifai don canzawa sai an zare wayar injin daga soket, ko da an ɗauke wuta, domin ana iya dawo da ita a kowane lokaci.

Aikin yi: kowane ɗalibi ya duba faifan da ke kan injin shagonsu, ya kwafi lambobin da ke jikinsa a littafi, ya ƙirga haƙoran da kansa, sannan ya zo aji ya faɗa mana ko na tsaga katako ne ko na melamin.