Kafin ku je wajen likitan gaɓɓai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda aka tura shi ganin likitan gaɓɓai, a Asibitin Malam Aminu Kano ko wani wuri, saboda ana zargin amosanin gaɓɓai mai tafiya da cutar fata ta soriyasis, ga shawarata.

Ku ɗauki hoton fatar da waya tun yanzu, da yatsan da ya kumbura suntum, domin ranar ganin likita ta yiwu ya saɓe. A baƙar fata tabon ba kasafai yake fitowa ja ba, yakan yi duhu ko toka-toka da ɓawo, kuma yana ɓuya a fatar kai, bayan kunne da cibiya. Mata, don Allah a bar farce ba lalle, wannan na fi jaddadawa, domin likita zai duba ƙananan ramuka a jikin farcen ko ɗagowarsa daga tsoka, lalle kuwa rufe su yake.

Ku rubuta minti nawa jiki yake sandarewa da safe, in ya wuce 30 ku faɗa. Ciwon diddige, ƙugu ko jan ido ma ku ambata, da ɗan uwan da ke da irin fatar.

Ku tattara duk abin da kuke sha ko shafawa, har na kemis da na gargajiya, ku tafi da kwalayen, da takardar turawa da tsofaffin sakamakon gwaji. Babu gwajin jini guda da ke tabbatar da ciwon, bayaninku ne ke taimakon likita. Mai ciki ko mai neman haihuwa, ko mai ciwon hanta, ya faɗa tun farko, saboda methotrexate, maganin da akan bayar don wannan ciwon, bai dace da su ba.

Allah ya ba mu lafiya.