Kurakuran da ake yi wajen ba tanki da rijiya iska kafin a shiga

A Suame Magazine, unguwar makanikai da ke Kumasi a Ghana, ana shiga cikin tankar mai a yi walda, a unguwannin Aboabo da Asawase kuma ana sauka rijiya ko ramin salga don yasa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a buɗe murfi, a ɗan jira, a sunsuna, sai maigida ya ce wa yaronsa: "Shiga, ta sha iska." Hanci ba ma'auni ba ne. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kusan kashi 21 cikin 100. Da zarar ya sauka ƙasa da 19.5, wurin ba ya shiguwa, kuma babu warin da zai sanar da kai. Tsatsa kaɗai tana cinye oksijin a tankin da ya daɗe a rufe. Iskar salga mai warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa, idan ta yi yawa kashe jin wari take yi, mutum ya zaci ta tafi alhali a lokacin ta fi haɗari. Gyaran shi ne na'urar gwajin iska, a zura ta da igiya, a auna sama da tsakiya da ƙasa. Idan shago ɗaya ba zai iya saya ba, a haɗa kuɗi.

Sai maganar fanka. Wasu sukan kafa ta a bakin rami, iskar ta daki sama ta juyo waje, ƙasa na nan yadda take. Muguwar iska mai nauyi, irin ta salga da tururin fetur, a ƙasa take kwanciya. Dole a haɗa injin hura iska da babbar mesa ta kai kusa da gindin ramin, a bar shi yana aiki har mutum ya fito. Idan aka ɗauke wuta, a fito nan take.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne janareta. Wasu sukan ajiye shi dab da injin hura iska, hayaƙinsa ya bi mesa ya shiga ciki, ko su sauke injin jan ruwa mai fetur cikin rijiya. Gubar wannan hayaƙi ba ta da wari ko launi. A kai janareta nesa, inda iska ke kwashe hayaƙin daga ramin.

Kada a buɗe tulun oksijin na walda wai don a ƙara iska: tartsatsi ɗaya ya isa tufafi su kama da wuta. Takunkumin ƙura ma ba ya ba da numfashi.

Idan na ciki ya faɗi, 'yan'uwa, kada kowa ya dira. Da yawa daga waɗanda ke rasuwa a irin wannan wuri masu kai ɗauki ne. Tun farko a ɗaura wa mai shiga ɗamara da igiya, mutum ɗaya ya tsaya a baki yana yi masa magana. A jawo shi daga waje, a kira 'yan kwana-kwana a 192 ko 112.