Yadda ake canja tsarin rumbun bayanai a tsohuwar saba ba tare da an karya wa abokan aiki manhaja ba

Mu uku ne muke rubuta manhajar biyan kuɗin makaranta a wani ɗaki a Zango, nan Damagaram. Sabar da makarantar take haya, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta, har yau PHP 7.4 (yaren da muke rubuta manhajar da shi) ke kanta, alhali tun Nuwamba 2022 aka daina yi masa gyaran tsaro. Mai makaranta ya ce bana babu kuɗin sauyawa. To, da abin da ke hannu za a yi aiki.

Ka fara ɗaure kowa a kan sigar sabar. Kwamfutarka ta zama PHP 8, ba wanda ya hana, amma cikin composer.json, ƙarƙashin config, ka sa platform ya nuna 7.4. In ba haka ba Composer, mai sauko wa PHP kayan aiki, zai janyo kayan da sai 8, a wurinka komai lafiya, ranar ɗorawa a saba shafi ya fito fari fat. Laravel, ginshiƙin da muke gina manhajar a kansa, ku tsaya a sigarsa ta 8, don 9 ba ya tashi sai da PHP 8. Wannan bai hana wani rubuta match ko ?-> ba, waɗanda 8.0 ya kawo, shi ya sa nake gwaji cikin Docker mai 7.4, wato akwatin da ke kwaikwayon sabar a kwamfutata. Sauke shi yana shan data. Mutum ɗaya ya sauke, sauran su kwafa a kile.

Daga nan a manta da phpMyAdmin, shafin gyara rumbun bayanai da hannu, wajen taɓa tebur. Kowane canji fayil ɗin migrasiyon ne, wato fayil mai umarnin canja tebur, ya shiga Git, ma'ajiyar aikin da muke rabawa, tare da lambar manhaja (code) da ke buƙatarsa.

Ga inda muka sha wuya. Wani ƙaninmu ya ga ya manta kolon (column) ɗin lambar wayar uba a teburin ɗalibai. Maimakon sabon fayil, sai ya buɗe tsohon da muka riga muka gudanar, ya ƙara layi ɗaya. A kwamfutarsa ya yi migrate:fresh, mai goge tebura duka ya sake gina su daga farko, komai ya hau. Laravel kuwa sunan fayil kawai yake rubutawa a teburin migrations, ba ruwansa da abin da ke ciki. A saba ya ga sunan yana nan, ya wuce. Ranar komawa makaranta a watan Oktoba, iyaye sun yi layi, mai karɓar kuɗi ya kira ni: "Malam, abin naku ya ƙi rijista." Da na tambayi yaron sai ya ce, "Wallahi yaya, a wurina yana aiki." Gaskiya ya faɗa. Tun ranar, fayil ɗin da ya bar kwamfutarka ya zama haramun a taɓa shi, ko harafi ɗaya ne a yi sabo.

Canji ɗaya a fayil ɗaya. MySQL, rumbun bayanan da muke aiki da shi, yana tabbatar da ALTER TABLE, umarnin canja tebur, nan take, ba ya komawa baya kamar PostgreSQL. Idan fayil mai canji huɗu ya mutu a na uku, ko wuta ta ɗauke, biyu sun zauna, Laravel kuma bai rubuta komai ba. Da hannu za ka tsince su.

Sauya sunan kolon kuma kashi uku nake yi: ƙara sabo a kwafe bayanai, a juya lamba ta koma kansa, sai bayan mako a goge tsohon.

Ranar ɗorawa: mysqldump don ɗaukar kwafin rumbun, ka sauke kwafin a kwamfutarka, git pull, php artisan migrate. Bayan la'asar, lokacin da ofis ya watse.