Yadda za ka tace ra'ayin masoya kafin ka yanke wa anime na 'yan mata masu sihiri hukunci

Masoyan anime, wato katun ɗin Japan, ba sa rowar ra'ayi. Ka ce kawai kana so ka fara kallon shirye-shiryen 'yan mata masu sihiri, waɗanda Japanawa ke kira mahou shoujo, nan take amsoshi za su yi maka rubdugu. Wani zai ce ka tsallake komai ka kama Madoka Magica, sauran duk na yara ne. Wata za ta rantse cewa wanda bai ga Sailor Moon ta 1992 ba bai ga komai ba. Akwai kuma masu cewa ka rufe allo ka karanta manga, wato littattafan Japan masu ba da labari cikin zane, don a can ne ainihin labarin yake. Kowannensu na da 'yar gaskiyarsa. Sai dai in ka bi su ido rufe, za ka wayi gari kana maimaita hukuncin wani a kan abin da ba ka gani da idonka ba. Ga yadda nake tace maganganun nan, kuma ga tsarin da nake ba duk wanda ya tambaye ni ta inda zai fara.

Kafin ka karɓi yabo ko kushe, ka bincika don wa aka yi shirin, kuma da wane lokaci aka riƙa nuna shi a talabijin a Japan. Wannan tambayar kaɗai tana kashe rabin gardama. Pretty Cure, da kamfanin Toei ya fara a watan Fabrairun 2004, ana nuna ta ne da safiyar Lahadi, ƙarfe takwas da rabi, don ƙananan yara mata. Madoka Magica, da kamfanin Shaft ya yi a 2011, da tsakar dare aka nuna ta, don manya. In magidanci ɗan shekara talatin ya ce maka Pretty Cure ba ta da zurfi, to ya auna ta ne da mudun da ba nata ba. Haka nan makin da ake bai wa shirye-shirye a shafin intanet na MyAnimeList da makamantansa: masu jefa makin yawanci matasa ne da manya, ba yarinya 'yar shekara biyar da aka yi shirin dominta ba. Ina duba makin don in san abin da ke tashe, amma ban taɓa bari ya zaɓa mini abin kallo ba.

Tambaya ta biyu: wane bugu mai maganar ya kalla? Mutane da yawa da suka taso a ƙarshen shekarun 1990 sun san shirye-shiryen nan ne ta hanyar bugun Turanci da aka ɗora wa murya a Amurka da Kanada, kuma an yi musu aski sosai. Kamfanin DiC ya fitar da Sailor Moon a 1995, ya mayar da sunan jarumar, Usagi, ya zama Serena, ya rage zangon farko daga kashi 46 zuwa 40. Abin da aka yi wa Cardcaptor Sakura ya fi muni. A tashar Amurka da ta nuna ta a 2000, an tsallake kashi bakwai na farko, aka fara daga na takwas, inda wani yaro mai suna Syaoran ya shigo, don a ja hankalin yara maza. Wanda ya ga wancan bugun ya ce labarin ya rikice, gaskiya ya faɗa, amma ba Sakura ta ainihi ya gani ba. Ka nemi bugun da ke da muryar Japananci da fassara a rubuce a ƙasan hoto, ko sabuwar ɗora muryar da ba a yanke komai ba.

Ni dai da Cardcaptor Sakura nake cewa a fara, kuma ba na jin kunyar nanata hakan. Ƙungiyar mata masu zane da ake kira CLAMP ce ta ƙirƙiro ta a mujallar Nakayoshi a 1996, kamfanin Madhouse ya mayar da ita anime mai kashi 70 daga 1998 zuwa 2000. Sakura 'yar shekara goma ce. Ta buɗe wani littafi a ɗakin karatun mahaifinta, katunan da ke ciki suka watse cikin gari, ya zama dole ta tattaro su ɗaya bayan ɗaya. In kana kallo, kada ka zuba ido ga kama katin kawai. Ka lura da safiyar gidan: mahaifiyarta ta rasu, hotonta na nan a ajiye, Sakura na gaishe shi kafin ta fita. An raba aikin girki da shara tsakaninta da yayanta da mahaifinsu. Yayan na tsokanarta, ita kuma ta ɗaura takalmanta masu taya ta bi shi a guje zuwa makaranta. Ƙawarta Tomoyo na ɗinka mata sabbin kaya kusan duk lokacin da za ta fita fafatawa, sannan ta biyo ta da kyamara tana ɗauka. Babu wani ƙaton mugu da ke son rushe duniya. Abin da shirin ke koya wa idonka shi ne cewa sihirin hanya ce ta shiga zuciyar yarinya mai tasowa, da tsoronta da kunyarta da ƙaunar da take yi wa mutanenta. Wanda ya koyi wannan kallon a wurin Sakura, sauran duk za su buɗe masa.

Daga nan sai Sailor Moon, kuma a nan ne za ka ci karo da gardamar da ta fi kowace daɗewa, wato manga ko anime. Naoko Takeuchi ta fara zana labarin a Nakayoshi a ƙarshen 1991, Toei ta fara nuna anime a watan Maris 1992, suna tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa har 1997. Mujallar wata-wata take fita, talabijin kuwa mako-mako, don haka dole masu anime suka riƙa ƙirƙiro ƙarin labarai don kada su wuce mai zane. Wannan shi ne cikon da masoya ke kuka da shi, har wasu suka tsara jerin waɗanda za ka tsallake daga cikin kashi 200. Shawarata: a zangon farko kada ka tsallake ko ɗaya. A cikin cikon nan ne 'yan matan suka zama mutane. A nan za ka ga Usagi da abokiyar yaƙinta Rei suna cacar baki kullum, har ka gane cewa shaƙuwa ce ke sa su. A manga Rei mai kamewa ce, ba ta da wannan zafin. Lokacin da ƙarshen zangon ya zo da nauyinsa, wanda ya yi tsallake-tsallake ba zai ji komai a ƙirjinsa ba, wanda ya zauna da su kuwa zai ji.

Nan kuma ka yi hattara da ƙa'idar nan ta masoya, wai ka ba shiri kashi uku, in bai kama ka ba ka watsar. Ƙa'idar ta dace da gajerun shirye-shirye masu kashi 12 ko 13. Ba ta aiki a kan Sailor Moon, inda sauran jaruman ke zuwa a hankali: Ami ba ta bayyana sai a kashi na 8, Rei a na 10, Makoto a na 25, Minako kuwa sai na 33. Ka ba ta aƙalla goma. Kuma kada ka yi mata zaman dirshan, don an tsara ta ne a riƙa kallon ɗaya a mako. Ɗaya ko biyu a rana ya isa. In ka jera takwas a dare guda, maimaita hoton rikiɗar nan da ake yi a kowane kashi, inda haske da ƙyalle ke naɗe jikin yarinyar har kayan makaranta su koma na yaƙi, zai gundure ka. Masu kushe suna cewa rowar kuɗin zane ce. E, tana rage wa kamfani aiki. Amma ga yaron da ya jira mako guda, wannan ne lokacin da yake miƙewa tsaye yana faɗin kalmomin tare da jarumar.

In ka gama zangon farko, ka ɗauki manga ka gwada. Daga dama zuwa hagu ake karantawa, shafi da akwatunan zane da maganganun ciki duka, abin da ba zai ba wanda ya yi karatun allo wuya ba. Za ka tarar labarin na gudu, miyagu na faɗuwa tun kafin ka riƙe sunayensu, amma zanen Takeuchi na da wani taushi, siraran layuka da gashi mai kwarara har ya ƙetare iyakar akwati, wanda talabijin bai taɓa kamawa ba. Mai son wannan saurin a allo sai ya nemi Sailor Moon Crystal ta 2014, wadda ta bi manga sau da ƙafa ta gama labarin farko a kashi 14.

Pretty Cure ba ta buƙatar dogon shiri. Kusan kowace shekara sabbin 'yan mata ne da sabon labari, don haka kana iya shiga ta ko'ina. Ta farkon, Daisuke Nishio ne ya ba da umarni, mutumin da ya yi aikin Dragon Ball Z, shi ya sa jarumanta Nagisa da Honoka ke kai naushi da shuri kamar ba gobe. Masoya da yawa na tura sabon shiga ga HeartCatch Pretty Cure ta 2010, kuma a wannan na yarda da su.

Za ka ji ana cewa duk tallar kayan wasa ne. Kada ka musa, don akwai gaskiya a ciki. Kamfanin Bandai na sayar da sandunan da abubuwan rikiɗar, kuma in ka ga jaruma ta sami sabuwar sanda a tsakiyar zango, ka tabbata tana kan hanyar kanti. Abin tambaya shi ne me marubutan suka yi da filin da tallar ta saya musu. Ojamajo Doremi, da aka fara a 1999, ta sayar da kayan wasa sosai, amma a cikinta akwai Aiko da iyayenta suka rabu tana fama da kewar mahaifiyarta, akwai yarinyar da ta kasa taka ƙofar makaranta saboda fargaba. An faɗa wa yara waɗannan abubuwan da harshen da za su gane, ba tare da an raina hankalinsu ba. Ina ganin wannan aikin ya fi zubar da jini a allo wuya.

Sai yanzu ne lokacin Madoka, bayan ka ga aƙalla biyu daga cikin na baya. Dalilina shi ne, ƙarfinta ya dogara ne da abin da ka saba gani. Wata 'yar dabba fara mai suna Kyubey ta zo wa 'yan mata da tayi: ki faɗi buri ɗaya a cika miki, ke kuma ki zama mai sihiri ki yi yaƙi. Wanda ya san Luna, kyanwar Usagi, da Kero, 'yar dabbar da ke raka Sakura, zai amince da wannan dabbar nan take, kuma da wannan amincewar marubuci Gen Urobuchi ya yi aiki. Wanda bai san su ba zai ga labari mai ban tsoro kawai, rabin abin ya wuce shi. Kashi 12 ne. Kada ka karanta komai a kanta kafin ka gama, kada ma ka rubuta sunan wata jaruma a wurin bincike na intanet, domin hotunan da za su fito sun isa su tona maka kashi na uku.

Bayan ka gama, za ka haɗu da masu cewa Madoka ce ta fara kawo baƙin ciki da mutuwa cikin wannan fanni. Wannan ra'ayin ne ya fi ɓata mini rai, domin yana share aikin shekaru masu yawa. Fannin ya faro tun Himitsu no Akko-chan ta Fujio Akatsuka a 1962 da Sally ta Mitsuteru Yokoyama a 1966. A Minky Momo, da aka fara a 1982, mota ce ta buge jarumar ta mutu a gaban yara masu kallo. Princess Tutu ta 2002 ta ɗauki labarin agwagwar da ta zama yarinya mai rawa ta tambayi ko mutum na iya kuɓuta daga ƙaddarar da marubuci ya rubuta masa. Madoka gwana ce, ina sonta, amma gado ta ci. In wani ya faɗi waccan maganar, ka tambaye shi a hankali wane ya kalla daga cikin waɗannan.

Ga mai nema wa 'ya'yansa ko ƙannensa, kada ka dogara da cewa katun ne, kuma kada ka dogara da cewa masoya sun ce na yara ne. Abin da Japan ta ɗauka ya dace da yaro ba lallai ya zo daidai da tarbiyyar gidanka ba. Akwai gajerun tufafi, akwai soyayya iri-iri, har a cikin Sakura da Sailor Moon. Ka riga su kalla, ka yanke da kanka. Madoka kuwa ba ta yara ba ce ko kaɗan, duk da fuskokin nan masu faɗi da manyan idanu da Ume Aoki ta zana.

Idan ka zo faɗin naka ra'ayin, ka ambaci bugun da ka kalla da inda ka tsaya, ka kuma kawo wuri ɗaya takamaimai da ya taɓa ka ko ya gundure ka. "Ban so ta ba" ba ta amfanar kowa. "Na tsaya a kashi na 15 saboda dodon kowane mako iri ɗaya ne" magana ce da wani zai iya amsawa. Ka kuma yi gargaɗi kafin ka tona ƙarshen labari. Wannan zai yi maka amfani musamman a kan fim ɗin Rebellion na 2013, ci gaban Madoka, wanda ƙarshensa ya raba masoya gida biyu, wasu na ganin ya ci amanar Homura, ɗaya daga cikin jaruman, wasu na ganin a nan ne aka nuna ta yadda take. Ka kalle shi bayan kashi 12 ɗin, ka bar kwana biyu su wuce, sannan ka je ka ji abin da kowane ɓangare ke cewa.